Kirista da Littafin Bashin Mai Shago

Makon jiya ina zaune bakin wani shago a Sabon Gari, nan Maraɗi, ina jiran mai gyaran babur ya gama mini aiki, sai ga wani saurayi Kirista ya zo neman shinkafa da mai, za a biya ƙarshen wata. Mai shagon dattijo ne Musulmi, mun daɗe da sanin juna. Ya jawo wani tsohon littafi daga ƙarƙashin tebur, bangonsa duk ya sha mai, ya rubuta suna, ya rubuta kuɗi, sannan ya ce yaron ya faɗi lambar wayarsa. Da yaron ya tafi sai ya dube ni ya yi murmushi.

"Malam, naku ne fa," in ji shi. "Sa'ad da nake yaron shago wurin maigidana, in mutum ya ce daga Danja yake ko daga Tsibiri wajen mishan, ba ma rubutawa. Yanzu kuwa har lambar waya nake karɓa, wani ma in ka kira sai ya kashe."

Da gatse ya yi mini, da na sami abin ramawa. Cikin ladabi ya faɗa, shi ya sa maganar ta ƙi barina.

Ga abin da na tsaya a kai: a garin nan, biyan bashi da cika alkawari su ne wa'azin farko da maƙwabcinmu yake ji daga gare mu, sau da yawa ma su kaɗai zai ji. Kiristan da ya ci bashi, yana da halin biya ya ƙi, ya yi wa bishara ɓarnar da taron farkawa na kwana uku ba zai gyara ba. Kuma lokaci ya yi da ikilisiyoyinmu za su ɗauki taurin bashi a matsayin zunubi, su tsawata a kansa yadda suke tsawatawa a kan shan giya da zina.

Me ya sa a Maraɗi musamman

Maraɗi garin kasuwa ne, kasuwarta kuma a kan amana take tafiya. Tun zamanin cinikin gyaɗa, alhazan garin nan suna ba yaransu kaya na miliyoyi ba tare da takarda ba, a tafi Katsina, a tafi Kano, a dawo a yi lissafi. Mai tebur yana ɗaukar kaya wurin mai kanti da safe ya kawo kuɗi da yamma. Mai ƙosai tana karɓar wake da mai bashi, ta biya in ta tashi. Duk wanda ya taso a nan ya san cewa jarin talaka sunansa ne. Ranar da aka ce wane ba ya biya, an rufe masa ƙofofin da shi kansa bai san da su ba.

Mu kuma ƴan kaɗan ne. A ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Mafi yawan mutanen Mokoyo ko Bagalam ba su taɓa sa ƙafa cikin majami'a ba, ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ko da yake yana nan cikin Hausa tun 1932. Abin da suka sani game da Almasihu a bakinmu, sun san shi ne ta hanyar Kirista ɗaya ko biyu da suke hulɗa da su: malamin makarantar ƴaƴansu, ma'aikaciyar asibitin unguwa, kafintan da ya yi musu ƙofa. Idan Musulmi ya cinye kuɗin mai shago, za a ce wane ya cinye. Idan namu ne, za a ce Kirista ya cinye. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a namu garin waken ba shi da wurin ɓuya.

Wannan suna da dattijon yake tunawa, ba daga sama ya faɗo ba. Turawan mishan na ƙungiyar SIM sun iso Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka zauna a Tsibiri, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, na kutare a Danja a 1956. Kakanninmu da suka ba da gaskiya a wuraren nan yawancinsu talakawa ne fitik, wasu marasa lafiya ne da danginsu suka guje su. Ba su da abin nunawa sai hali. Da shi suka sayi ɗan mutuncin da muke ci har yau, mu kuma muna kashe shi kamar ba mai ƙarewa ba.

"Ai zamani ne ya yi tsanani"

Wannan ita ce amsar da za a fara ba ni, kuma tana da nauyi. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sake rufe hanyar Ɗan Isa ta zuwa Najeriya wata da watanni, wuta ta yi ƙaranci, farashi ya hau. Naira ta faɗi, masu hulɗa da ita suka yi asara. Akwai magidanta a cikinmu da suka ci bashi don a ɗora tukunya, kuma har yau ba su farfaɗo ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Ba da waɗannan nake ba. Littafi Mai Tsarki bai taɓa kiran talauci zunubi ba, bai kuma hana cin bashi ba. Zabura 37:21 ta ce mugu yakan ci bashi ya ƙi biya. Laifin yana wurin ƙin.

Kowa a unguwa yana iya bambance mai rashi da mai taurin bashi, ba sai an yi karatu ba. Mai rashi yakan zo da ƙafarsa kafin ranar ta cika, ya ce Alhaji, ban samu ba, ga jika ɗaya a rage, saura sai kaka. Mai taurin bashi kuwa hanya yake canzawa. Da ta gaban shagon yake bi zuwa sujada, yanzu sai ya zagaya ta lungu, Littafi a hammata. In aka aiko yaro, sai a koya wa ƴarsa ta ce baba ba ya nan, yana kuwa ɗaka yana jin su. A nan zunubin ya zama biyu, domin an sa yarinya ƴar shekara bakwai ta koyi ƙarya a gidan da ake addu'ar safe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lokacin Kirsimeti. Mutum ana binsa jika ashirin tun damina, amma ga anko na gida duka, ga sabuwar waya, ga kaji. Telan da ya kwana uku bai runtsa ba don a sami na sawa ranar 25 ga Disamba, shi ne za a ce wa sai bayan biki. Bayan bikin ya zama Janairu, Janairu ya zama Ista. Mai shago yana da ido. Ya ga ankon ya wuce ta gabansa, ya kuma san shafin da sunanka yake.

"Ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba"

Haka ne, Afisawa 2:8-9 ke nan, kuma ba wanda zai shiga Mulkin Allah da takardar shaidar biyan bashi. Amma me ya hana mu ƙarasa zuwa aya ta 10, inda aka ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka?

Dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Yesu ya shiga gidansa tun bai gyara komai ba, wannan shi ne alherin. Amma abu na farko da ya fito daga bakin Zakka lissafi ne: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8). Tuban da bai taɓa aljihu ba, ni ina shakkarsa.

Akwai kuma wata koyarwa da ta shigo mana ta wayoyi da wasu tarurruka, wai ka shuka iri, Allah zai soke bashinka ta hanyar mu'ujiza. Na ji da kunnena ana cewa a ɗaga hannu a yi ihu, an shafe bashi cikin sunan Yesu. To wa ya shafe shi a littafin mai shago? Akwai mu'ujiza kan bashi a cikin Littafi, tana 2 Sarakuna sura 4. Gwauruwa ce mai binta bashi zai kwashe ƴaƴanta biyu, Elisha ya sa ta aro tuluna, mai ya yi ta zuba har suka cika. Sai annabin ya ce mata ta je ta sayar da man ta biya bashinta, ita da ƴaƴanta su ci sauran. Allah da kansa ya yi mu'ujiza, kuma abin da mu'ujizar ta fara yi shi ne biyan mai bin bashi.

Zan faɗi abin da wasu fastoci ba za su so ji ba. Idan kana riƙe da kuɗin wani da ranar biyansa ta wuce, kuma a hannunka akwai na yin baiko na musamman ranar godiyar kaka don a kira sunanka a tafa, kai wa mai kuɗin tukuna. Yesu ya ce in ka kawo baiko bakin bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon nan, ka je ku shirya, sannan ka dawo (Matiyu 5:23-24). Allah ba ya bukatar buhun geron da aka saya da kuɗin tela.

"Ɗan'uwa ne cikin Ubangiji, ai zai yi haƙuri"

Wannan ita ce cutar da ta fi cin mu a cikin gida, kuma ba a cika maganarta ba saboda kunya.

Kirista mai sana'a ya san abin da nake nufi. Makaniki, kafinta, mai ɗinki, mai sayar da hatsi: tambayi ko wanne a asirce waɗanne abokan ciniki ne suka fi ba shi wahala, za ka ji abin da ba ka so. Ɗan'uwa zai kawo aiki ya nemi ragi don zumunci, a rage masa, sannan ragowar ma ta gagara. In mai sana'ar ya yi magana, sai a ce ba shi da ƙauna, son kuɗi ya yi masa yawa. Ranar Lahadi a haɗu a ƙofar majami'a a yi musafaha ana salama, cikin kowa da abin da ke ciki. Na san adashin mata da ya watse saboda wadda ta kwashe da wuri ta daina zubi, kuma ba wadda ta iya kai ƙara don mijinta dattijo ne. Matan da suka yi asara masu ƙosai ne da masu fura.

Gaskiya ne Yesu ya koya mana mu yafe, har ya ba da misalin bawan da aka yafe wa talanti 10,000 ya je ya shaƙe abokinsa kan dinari 100 (Matiyu 18). Amma yafiya kyauta ce a hannun mai bin bashi. Shi ne zai ce na bar maka. Wanda ake bi ba shi da ikon yafe wa kansa da kansa, sannan ya karanto wa mai kuɗin aya. Bulus ma da ya roƙi Filimon ya karɓi Unisimas, bawansa da ya gudu, bai ce a manta da asarar ba. Cewa ya yi in akwai bashi a ɗora a kansa, shi zai biya, ya kuma rubuta haka da hannunsa.

Saboda haka ban ga laifin rubutu tsakanin ƴan'uwa ba. Wasu suna jin cewa in ka ce a rubuta, ka nuna rashin yarda. Maƙwabtanmu Musulmi ba su da wannan kunyar, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Takarda ƙarama mai suna da adadi da rana da shaidu biyu ta fi shekara biyar ana gaba a benci ɗaya.

Masu hannu da shuni ma suna ciki

Kada a ɗauka wannan magana ta talaka ce kawai. Bashin da Littafi ya fi tsananta magana a kansa shi ne wanda mai ƙarfi yake riƙe wa mara ƙarfi. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka har safe. Yakubu 5:4 ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji.

Gidajen Kiristoci nawa ne a garin nan da ƴar aiki daga ƙauye take wanke-wanke da raino, a ce ana tara mata kuɗinta, in ta tashi tafiya lissafi ya rikice? Mutum nawa ne suke kai ƴan ƙwadago gona wajen Jirataua ko Madarunfa, a yi noma rana ta take, da yamma a ce su dawo jibi? Mutumin nan da kuɗin yau zai auni tiyar da za a ci yau.

Haka mai ba da hatsi bashi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, a kan a biya shi ninki biyu da kaka. Kowa ya san ana yi, har a cikinmu. Haka mai tiya biyu, babba ta saye, wadda aka bubbuge gindinta ta sayarwa. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta ambaci wannan ƙarara, ta kira shi abin ƙyama. Dokar nan ma ta hana mai bin bashi karɓar dutsen niƙa jingina, domin abincin gidan ke nan (24:6). A yau dutsen niƙan shi ne keken ɗinkin gwauruwa ko babur ɗin ɗan kabu-kabu. Kiristan da ya ƙwace wa mutum abin sana'arsa kan bashi ya toshe hanyar da za a biya shi, ya kuma saɓa wa Littafin da yake riƙe da shi.

"Me ya sa za ka tona mana asiri?"

Na san akwai masu cewa mu ƴan tsiraru ne, ana kallonmu, bai kamata a shanya wannan a fili ba. Na fahimci tsoron. Ba mu manta da 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, ba mu kuma manta da wadda aka cinna wa wuta a unguwar Zariya a nan Maraɗi cikin Yunin 2019 ba.

To amma wane asiri ne? Mai shago ya sani, tela ya sani, mai gidan haya ya sani. Mu kaɗai ne ba ma faɗa wa juna. Kuma in rana ta ɓaci, wanda zai tsaya a bakin ƙofarka ya ce wa matasa wannan gida ba a taɓa shi, maƙwabcin da ya san halinka ne, wanda ya ba ka aro ka mayar, ya ba ka ajiya ya same ta yadda ya bari. Ban ce gaskiya tana hana tsanani ba, an tsananta wa masu gaskiya tun zamanin manzanni. Bitrus dai ya gargaɗe mu cewa in za mu sha wuya, kada ta zama wuyar ɓarawo ko mai mugun aiki (1 Bitrus 4:15-16). Akwai masu kukan ana ƙinsu don addini, alhali kuɗin haya na wata shida ne ake bi.

Abin da nake so in gani

Ina so in ji wa'azi sukutum kan Romawa 13:8, inda aka ce kada bashin kowa ya zauna a kanku sai na ƙaunar juna, a yi shi cikin Nuwamba, kaka ta shigo, kafin a fara yankan anko. A faɗi abin da sunansa: tela, mai shago, ƴar aiki, adashi.

Ina so dattawan ikilisiya su buɗe ƙofa, duk wanda wani ɗan ikilisiya ya riƙe wa kuɗi, Musulmi ne ko Kirista, ya iya zuwa ya faɗa a saurare shi ba tare da an kare namu don namu ne ba. In an bincika aka ga rashi ne, to ga inda asusun taimako zai yi aiki, a zauna da mai kuɗin a tsara biya kaɗan-kaɗan, ƴan'uwa su kama. In aka ga taurin kai ne, kada mutumin ya hau gaba ya jagoranci waƙa ko ya riƙe kwanon baiko sai ya gyara. Muna dakatar da yarinyar da ta yi ciki, kowa ya gani, amma mai cin kuɗin marayu yana zaune a kujerar gaba don yana ba da gudummawar siminti.

Wanda kuma yake karanta wannan yana tuna wani suna, kada ya jira ya tara duka. Ya ɗauki abin da yake da shi, ko jika ɗaya ce, ya je da kansa, ya gaisa, ya ce na yi laifi da na yi shiru, ga wannan, saura ranar kaza. Ya faɗi ranar da zai iya cikawa, domin Yesu ya ce i ɗinmu ya zama i, a'a kuma a'a (Matiyu 5:37). Yawancin masu bin bashi a garin nan ɓuyan ne yake ƙona musu rai fiye da jinkirin.

Ikilisiya ita ma tana cin bashi, wannan kuwa ba a cika faɗa ba. Ana aza harsashin gini da bangaskiya, magini da leburori su yi aiki, mai bulo ya kawo, mai kwano ya kawo, a yi bikin buɗewa da baƙi daga nesa, a bar su suna sintiri gidan ma'aji. A taron ƙarshen shekara, bayan ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya karanta har da sunayen waɗanda suke bin ikilisiya da adadin kuɗinsu, kuma kada a sa hannu kan sayen sabuwar lasifika sai an sallame su.